J. Edgar Hoover: mutumin da ya ɗaukaka sunan G-man a Amurka

A ƙasar Hausa, sandar da ma'aikacin tsaro ke riƙewa ce ta ba shi suna ɗan sanda. A Amurka kuwa, jami'an hukumar binciken tarayya ta FBI sun shahara da laƙabin G-man, gajarcen kalmomin Turanci masu nufin mutumin gwamnati. John Edgar Hoover ne ya mai da wannan laƙabi abin alfahari.

An haifi Hoover a birnin Washington ranar 1 ga Janairun 1895. Ya karanci shari'a, ya shiga ma'aikatar shari'a a 1917. Tun yana ƙaramin ma'aikaci ya sa ido kan Marcus Garvey, jagoran baƙaƙen fata, wanda daga baya aka ɗaure, aka kore shi daga ƙasar a 1927. A 1924 aka naɗa Hoover shugaban ofishin bincike yana da shekara 29. Ya kori baragurbi, ya tattara hotunan yatsun masu laifi wuri guda, ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a 1932.

Laƙabin ya bazu ne bayan Satumban 1933, lokacin da aka kama ɗan fashi George Kelly a Memphis, bisa laifin sace attajirin mai Charles Urschel. Hukumar ta yaɗa labarin cewa Kelly ya ɗaga hannu yana roƙon jami'an da wannan suna kada su harbe shi. Masana tarihi da dama na ganin ƙawata labarin aka yi. Kalmar ma ta girmi wannan rana, domin a Ireland an daɗe ana kiran 'yan sandan cikin Dublin da ita, saboda sashensu harafin G yake ɗauka. A 1935 ofishin ya zama FBI, a shekarar ce kuma fim ɗin G Men na James Cagney ya fito, jami'an suka zama jarumai a idon jama'a.

Wannan farin jini ya zame wa Hoover garkuwa. Ya riƙa tara bayanan sirri kan 'yan siyasa, har shugabanni suka riƙa shakkar taɓa shi. Daga 1956 zuwa 1971 hukumarsa ta gudanar da shirin COINTELPRO, ta yi wa masu fafutikar 'yanci leƙen asiri da ɓatanci, ciki har da Martin Luther King.

Ya rasu ranar 2 ga Mayun 1972 yana kan kujera, bayan shekara 48 ƙarƙashin shugabanni takwas. A 1976 majalisar dokokin Amurka ta ƙayyade wa'adin shugaban FBI zuwa shekara 10, don kada wani ya sake daɗewa haka a wannan ofis.