Shaftesbury da Dokar Masaƙu

An haifi Shaftesbury a Landan a shekara ta 1801, ɗan sarauta ne. Iyayensa ba su kula da shi ba. Wata baranyar gidansu, Maria Millis, ita ta koya masa addu'a da Maganar Allah.

A zamanin nan masu kamfanonin saƙa na Ingila suna sa ƙananan yara aiki tun asuba har dare, gama ladan yaro kaɗan ne. Shaftesbury ya shiga Majalisa a 1826, daga 1833 kuwa ya tsaya wa yaran nan. Dokar 1833 ta hana masaƙar auduga ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba, amma masu dubawa 4 kaɗai aka naɗa.

A 1847 aka tsai da aikin mata da samari sa'a 10 a yini. Sai masu kamfani suka yi dabara, suna musanya ma'aikata ƙungiya ƙungiya, inji yana ta aiki, mai dubawa ya kāsa lissafin sa'o'in kowa. Kotu ma ta ba su gaskiya a 1850. Sa'an nan Shaftesbury ya yarda da sa'a 10 da rabi, muddin doka ta yanke lokacin buɗewa da na rufewa. Ma'aikata suka ce ya ci amanarsu. Mu dai muna gani ya yi daidai, gama wannan mai dubawa yana iya tabbatar da shi da agogo.

Ya shugabanci ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila daga 1851 har rasuwarsa a 1885. Ita ce ta buga mana na Hausa a 1932.