Labarin Bishop Samuila Ajayi Crowther

Ya ku 'yan'uwa, ku saurari labarin wani bawan Allah wanda zamani ya juya masa sau da yawa, amma bai saki igiyar bangaskiya ba.

An haifi Ajayi a Osogun, cikin ƙasar Yarabawa. A shekara ta 1821 mahara suka cinye garinsu, aka sayar da shi. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin bayi, aka sauke shi a Saliyo, inda ya karɓi baftisma a 1825. Da ya girma ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci tare da abokan aikinsa, gama ya gane mutum ya fi jin maganar Allah da harshen uwarsa.

A 1857 ya hau Kwara domin ya kafa aikin bishara. Ananan sai jirginsu ya fashe a kan duwatsu kusa da Jabba. Wani da ya ce aiki ya lalace, amma shi ya mai da zaman jira makaranta, ya duƙufa ga koyon Nufanci, har daga baya ya buga littafinsa. A 1864 aka naɗa shi bishop a Ingila, shi ne baƙar fata na fari cikin ikilisiyar Angilikan. Ya kan ziyarci Sarkin Nupe Masaba a Bida da ladabi, ba ya zagin addinin kowa, sai dai ya amsa tambaya daga cikin Littafi.

Gwaji mafi zafi ya zo masa cikin tsufa. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka zargi ma'aikatansa, suka tsige da dama a gaban idonsa. Abin ya soke shi ƙwarai, ya sauka daga shugabancin majalisar aikin, amma bai rama ba, bai kuwa fita daga ikilisiya ba. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.

To, kai da ka shigo sabo, wata rana za a ba ka riƙon jama'a, ko da ta gidanka ce. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ka sake dabara in hali ya kama, ka koyi harshen maƙwabcinka, ka jure wulakanci. Amma Almasihu, wanda shi ne tushe, kada ka sake shi. Allah ya taimake mu. Amin.