Joshua Slocum: Matuƙin da ya fara kewaya duniya shi kaɗai

An haifi Joshua Slocum ranar 20 ga Fabrairu, 1844 a lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada. Yana da shekara 16 ya bar gida ya shiga aikin jiragen ruwa, har ya kai matsayin kyaftin. Sai dai kafin ya cika shekara 50, jirage masu inji sun fara ture masu tafiya da iska, sana'arsa ta ja baya. Matarsa ta farko ta rasu a 1884, jirginsa kuma ya farfashe a gaɓar Brazil a 1887.

A 1892 wani abokinsa ya ba shi kyautar tsohon jirgi mai suna Spray, wanda aka yasar a wani fili a garin Fairhaven na Amurka. Slocum ya saro itace da hannunsa, ya sauya katakan jirgin ɗaya bayan ɗaya, ya toshe kafofinsa da auduga. Aikin ya ci wata 13 da dala 553. Tsawon jirgin bai wuce mita 11 da 'yan kai ba, kuma ba shi da inji.

Da shi ya tashi daga Boston ranar 24 ga Afrilu, 1895, ba mataimaki. Bayan ya ratsa tekun Atlantika ya sha fama da guguwa a mashigin Magellan, sannan ya faɗa tekun Fasifik. Daga tsibirin Juan Fernandez zuwa Samoa kwana 72 ya yi bai yada zango ba. A Samoa, matar marigayi marubuci Robert Louis Stevenson ta karɓe shi baƙunci.

Abin da ya fi bai wa masana mamaki shi ne yadda ya daidaita ƙyallayen da iska ke turawa, har jirgin ya riƙa bin hanya da kansa. Daga tsibirin Thursday zuwa tsibiran Cocos, tafiyar mil 2,700 cikin kwana 23, bai riƙe sitiyari fiye da awa 3 ba. Wannan ba sa'a ba ce. A wurare da dama da ya sauka, yakan yi gyara: ɗinkin ƙyalle, sauya igiya, kankare gindin jirgi da shafa fenti, domin ruwan ɗumi na yankunan zafi yana saurin cin katako.

Ya biyo ta Rodrigues da Mauritius da Afirka ta Kudu. Akuyar da aka ba shi a tsibirin St. Helena ta cinye taswirarsa ta tsibiran Karebiyan, amma duk da haka ya ratsa su lafiya. Ranar 27 ga Yuni, 1898 ya isa Newport, bayan tafiyar sama da mil 46,000. Littafin da ya rubuta kan tafiyar ya fito a 1900.

Daga baya ya riƙa kai Spray tsibiran Karebiyan duk lokacin sanyi. Amma tsufa ya kama jirgi da mai shi, kuma waɗanda suka ga Spray a shekarun ƙarshe sun shaida cewa kulawa ta ragu. A Nuwamban 1909 ya tashi daga tsibirin Martha's Vineyard ya nufi kudu. Ba a sake ganinsa ba, shi da jirgin. Sai a 1924 aka ayyana mutuwarsa a hukumance. Duk tsawon rayuwarsa a teku, bai taɓa koyon iyo ba.