Alhassan Ɗantata: Falken da Ya Kai Jari Ƙauye

A zangunanmu na Kumasi da Ankara da Tamale, in ka ambaci Ɗantata, yawancin samari Aliko Ɗangote ne ke faɗo musu a rai, don mahaifiyarsa jikar Ɗantata ce. Kaɗan ne suka san cewa shi Alhassan ɗin ya taka ƙasar nan tun yana saurayi, kuma goron Asante ne ya fara tara masa jari. Na ɗauko tarihinsa ne saboda abu guda: yadda kuɗinsa ya riƙa fita daga birni yana shiga hannun mutumin ƙauye a matsayin jari.

An haife shi a 1877 a Bebeji, wani gari a kudancin Kano. Zuriyarsa Agalawa ne, mutanen da suka shahara da fatauci mai nisa. Mahaifinsa Abdullahi falke ne a hanyar Gwanja, mahaifiyarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce da ke juya nata kuɗin. Uban ya rasu Alhassan bai kai shekara goma ba. Bayan rasuwar, Amarya ta taho Ankara, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka samo laƙabin Ɗantata. Abin lura ne fa: sunan da ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma, sunan baiwa ne da ta yi reno.

A hannun Tata ya yi karatun allo, ya fara 'yan saye-saye da sayarwa, ya kuma koyi jefa abin da ya samu a asusu. Da ya ɗan tasa sai ya bi ayari ya zo Ankara wurin mahaifiyarsa. Mai karatu zai zaci hutu ya samu, tunda uwar na da hali. Ina! Wurin malami ta kai shi, ta bar shi ya nemi na kansa kamar kowane almajiri. Bayan wani lokaci ya koma Bebeji. Ba a daɗe ba Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893, ya taɓa garuruwa da dama, fatake suka yi asarar dukiya. Wannan ne zamanin da ya shiga fatauci gadan-gadan.

Fataucin Gwanja a lokacin aiki ne na masu haƙuri. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni a hanya kafin a iso kasuwannin goro. Salaga ce babbar matattara, har rikicin 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Krachi da Kumasi da sauran wurare, inda zangunan da muke zaune a ciki yau suka ƙara cika. Goro kuwa kaya ne mai saurin lalacewa. Sai an yi ta buɗe huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa, kuma kowace rana a hanya asara ce.

A nan basirar Ɗantata ta fito. Jirgin ƙasa ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903, ga kuma jiragen ruwa na zirga-zirga tsakanin gaɓarmu da Ikko. Wajen 1906 ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko, maimakon bin tsohuwar hanyar jakuna. Tafiyar watanni ta ragu ƙwarai, kuɗinsa ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara. Ya haɗa da cinikin duwatsun ado da yadin Turawa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, hanyar ta haɗe daga dajin Asante har kasuwar Kurmi. Shi ma ya tare a birnin Kano.

Turawan mulki sun shimfiɗa wannan layin dogo ne da fatan auduga za ta cika taragu zuwa masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano kuwa suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Kamfanonin Turawa na son gyaɗar, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe, manomi bai yarda da su ba. Dole suka nemi fataken goro, waɗanda suka riga suka san hanya da mutane. A 1918 kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC, ya ɗauki Ɗantata ya riƙa sayo masa gyaɗa.

Ga yadda aikin yake tafiya. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa da wakilansa, su bazu cikin ƙauyuka, su ma su ba ƙananan masu saye, har kuɗin ya kai ga manomi. Da kaka a auna gyaɗa, a loda wa jakuna da raƙuma zuwa tashar jirgi. Jinginar duk wannan amana ce da sanin asali. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari baɗi, wanda ya ci amana ya rufe wa kansa ƙofa. Ta haka mai jaki da mai awo da mai ɗinkin buhu da ɗan dako duk suka samu abin yi, kuma yaran gida da yawa suka tashi suka zama masu gidan kansu. Buhunan da aka riƙa jerawa suna jiran jirgi su ne dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita.

Zuwa farkon shekarun 1920 ya sha gaban manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. A 1929, da Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Duk da haka an san shi da sauƙin rayuwa da tsantseni wajen kashe kuɗi, da ciyar da mabuƙata, da taimakon masu niyyar aikin Hajji. Da ajali ya matso ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su riƙe zumunci, kada su wargaza kasuwancin. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka ci gaba da kamfanin.

Gaskiya ɗaya ce, tsarin yana da nasa ciwon. Farashin gyaɗa ba manomi ke yanka shi ba, ba kuma Ɗantata ba. Daga kasuwannin Turai yake zuwa, daga baya kuma hukumar sayen amfanin gona ta karɓe. Manomin da ya ci bashi tun damina ba shi da bakin ciniki da kaka. Sannan dogaro da amfani guda hatsari ne. Da farin shekarun 1970 ya zo, cuta ta kama gyaɗa, hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, dalar gyaɗa ta ɓace kamar ba a yi ba. Duk mai son koyi da shi sai ya ɗauki amanar, ya gyara wannan.

Ni malamin makaranta ne, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda ɗalibanmu ke ƙarewa. Yarinya ta gama karatun ƙaramar sakandare a ƙauye, bayan 'yan watanni ka ji tana Ankara ko Kumasi tana kayayo, tana kwana a bakin shago. Yaro kuma ya faɗa ramin galamse. Ba lalaci ba ne. A garinsu akwai kaɗanya da waken suya da doya da masara, amma babu mai ba su jarin farawa, babu tabbacin mai saye.

Alhamdu lillahi, masu hali a zangunanmu ba su da rowa. Da azumi ana raba shinkafa da sukari, da Babbar Sallah ana raba nama, ana gina masallatai. Allah ya saka da alheri. Sai dai buhun shinkafa sati biyu ne ya ƙare. Da Alhaji guda zai ware wani abu ya ba ƙungiyar mata goma masu man kaɗe bashi marar ruwa, ya yi musu alkawarin sayen kayansu a farashin da aka yi yarjejeniya a fili gaban shaidu, a rubuta, da ya riƙe gidaje goma a ƙauye shekara da shekaru. Addininmu ya san wannan hanya, malamanmu na karantar da ita a babin ƙirali, inda mai kuɗi da mai aiki ke raba riba. Susu da iyayenmu mata ke yi a kasuwa ma tushe ne da za a iya ɗora gini a kai.

Mu kuma samari, a tuna cewa maraya ne da ya fara da asusu, kuma shekaru ya yi yana bin jakuna kafin a san sunansa. Wanda aka ba jari ya mayar a kan lokaci, don cin amanar mutum ɗaya kan toshe wa ƙauye guda hanya.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya gafarta masa, ya ba masu halinmu zuciyar waiwayar ƙauyukan da suka fito.