Taƙaitaccen tarihin Antonio Stradivari, gwanin sassaƙa goge

An haifi Antonio Stradivari a wajajen shekarar 1644, kuma ya yi rayuwarsa a birnin Cremona da ke arewacin Italiya, inda ya shahara wajen sassaƙa gogen Turawa mai tsirkiya huɗu.

Gogen da aka sani a ƙasar Hausa, daga Gobir zuwa Katsina, tsirkiya ɗaya gare shi ta izgar doki, a kan ƙwarya da aka rufe da fata. Na Turawa kuwa katako ne zalla, da ake fafe shi a sirance shi har ya riƙa amsa sauti.

Tun kafin zuwan Stradivari, sana'ar tana hannun gidan Amati, wanda Andrea Amati ya kafa a ƙarni na 16. Wata takarda da ke manne a cikin wani goge na shekarar 1666 ta ambaci Stradivari a matsayin almajirin Nicolo Amati, jikan Andrea.

A shekarar 1680 ya sayi gida a dandalin San Domenico, inda ya zauna da iyalinsa, kuma nan ne wurin aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Ya shafe shekaru yana sauya tsawon gogen da faɗinsa da kaurin katakonsa. Masana na ɗaukar shekarun 1700 zuwa 1725 a matsayin lokacin da ƙwarewarsa ta kai ƙololuwa, wato bayan ya haura shekara hamsin.

An ƙiyasta cewa ya ƙera kayan kiɗa sama da 1,000, kuma kimanin 650 daga cikinsu suna nan har yanzu. Ya rasu ranar 18 ga watan Disambar 1737, yana da shekara 93 ko kusa da haka.

Sai dai gidan sana'ar bai daɗe ba a bayansa. 'Ya'yansa biyu da suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun riga sun manyanta: Omobono ya rasu a 1742, Francesco kuma a 1743. Ƙaninsu Paolo ɗan kasuwar yadi ne, kuma daga bisani ya sayar da ragowar kayan kiɗan da kayan aikin mahaifinsu ga wani basarake mai suna Cozio di Salabue.

Da yake ilimi ne da ake koyo ta hanyar kallo da aikin hannu, da yawa daga cikinsa ya bi masu shi kabari. Shi ya sa har yau ake muhawara kan sirrin sautin: wasu na cewa katakon ne, wasu kuma man da yake shafa masa.

Amma a wasu gwaje-gwaje da aka wallafa a 2012 da 2014, ƙwararrun makaɗa da aka hana su ganin abin da ke hannunsu sun kasa bambance tsofaffin gogen Italiya da sababbi, kuma da yawansu sun fi son sababbin.

Hakan bai rage darajar aikinsa ba. A shekarar 2011 an sayar da gogensa na 1721 da ake kira Lady Blunt kan kusan dala miliyan 16, don tallafa wa mutanen da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka shafa a Japan.

Cremona ta farfaɗo da sana'ar bayan buɗe makarantar koyar da ita a 1938, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya. Kayan aikin Stradivari da zane-zanensa suna ajiye a gidan tarihin goge na birnin, inda masu koyo ke zuwa nazarinsu.