Anna Julia Cooper, ƴar baiwa da ta sami digirin dokta a Sorbonne tana da shekara 66

A watan Maris na 1925, wata dattijuwa baƙar fata ta zauna gaban malaman jami'ar Sorbonne a birnin Paris domin kare kundin bincikenta. Da Faransanci ta rubuta shi, a kan matsayin Faransa game da bauta a lokacin juyin juya halin 1789. A wannan shekara Damagaram ce fadar mulkin mallakar Faransa a Nijar.

An haifi Anna Julia Cooper a 1858 a Raleigh, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, mahaifiyarta baiwa ce. Bayan ƴanta bayi ta shiga makarantar Saint Augustine, inda ta dage sai da aka bar ta ta koyi Girkanci, darasin da aka keɓe wa maza. Mijinta ya rasu shekara biyu da aurensu, sai ta tafi kwalejin Oberlin ta gama a 1884, daga baya ta ƙara digiri na biyu a lissafi.

A Washington ta shugabanci makarantar sakandaren baƙaƙen fata, tana tura ɗalibanta manyan jami'o'i a zamanin da ake ganin sana'ar hannu ta ishe su. Hakan ya ja mata: an sauke ta a 1906. Kafin nan, a 1892, ta fitar da littafinta A Voice from the South, inda ta nuna cewa mace baƙa tana ɗauke da kaya biyu, na launin fata da na jinsi. A 1900 kuma ta yi jawabi a taron farko na haɗin kan baƙar fata a Landan.

Digirin doktan ne ya fi ba ta wuya. Ta fara shi a jami'ar Columbia a 1914, shekara guda sai riƙon marayu biyar, jikokin ɗan uwanta, ya faɗo mata. Ga koyarwa, ga yara, ga sharaɗin jami'ar na sai ɗalibi ya zauna a can shekara guda cur. Duk wanda ke haɗa karatu da neman abin sawa a baka a ƙasar waje ya san wannan matsin. Ta ci gaba da karatu a lokutan hutu, a 1924 ta mayar da rajistarta Paris.

Abin da kundin ya nuna shi ne ba a fahimtar juyin juya halin Faransa in an cire bayin Saint-Domingue, Haiti ta yau. Majalisar da ta yi shelar ƴancin ɗan Adam ta yi ta jan ƙafa kan bauta saboda kuɗin sukari da kofi, har bayin suka tashi da kansu a 1791. Faɗin haka a Paris, lokacin da Faransa ke riƙe da yanki mai yawa na Afirka, ba ƙaramar zuciya ba ce.

Ita ce baƙar fata ta huɗu a Amurka da ta kai wannan mataki cikin mata. A 1930 ta karɓi shugabancin jami'ar Frelinghuysen, mai karantar da ma'aikata da dare, har ta buɗe wa azuzuwan ɗakunan gidanta. Ta rasu a Washington ranar 27 ga Fabrairu 1964, tana da shekara 105.