Jimi Hendrix: Makaɗin da ya gina ɗaki bai zauna ba

Fayafayi uku kacal Jimi Hendrix ya kammala a ɗakin naɗar sauti kafin ya mutu yana da shekara 27, amma har yau da wuya a yi maganar jita mai aiki da lantarki ba a ambaci sunansa ba.

Na ukun, wato Electric Ladyland, wanda ya fito a watan Oktoban 1968, shi ne kaɗai ya kai matsayi na ɗaya a jerin fayafayan da aka fi saye a Amurka. Shi ne kuma ya raba shi da mutumin da ya fito da shi duniya ta san shi.

An haifi Hendrix ranar 27 ga watan Nuwamban 1942 a birnin Seattle, cikin iyalin baƙaƙen fata matalauta. Iyayensa sun rabu a 1951, mahaifiyarsa Lucille kuma ta mutu a 1958. A wannan shekarar ce ya mallaki jitarsa ta farko a kan dala biyar.

Bahago ne, don haka sai ya riƙa juya jitar da aka ƙera domin masu hannun dama, ya sake jera tsirkiyoyinta. Haka ya yi ta kiɗa har ƙarshen rayuwarsa.

A 1961 'yan sanda sun kama shi har sau biyu cikin motocin sata, aka ba shi zaɓi tsakanin gidan yari da aikin soja. Ya shiga rundunar sojojin laima ta 101, amma shekara guda ya yi aka sallame shi.

Yarjejeniyar dala ɗaya

Bayan barin soja, Hendrix ya shafe shekaru yana yawo a gidajen rawa na baƙar fata, yana yi wa manyan mawaƙa irin su Little Richard da Isley Brothers kiɗa a baya. Kuɗi ba su taruwa, iyayen gidan kuma ba sa son yaron da ke janye hankalin 'yan kallo daga kansu.

Cikin wannan hali ne, a watan Oktoban 1965, ya sa hannu a wata takarda da wani ɗan kasuwa mai suna Ed Chalpin. An ba shi dala ɗaya, tare da alkawarin kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin duk abin da ya naɗa a tsawon shekara uku. Mai jin yunwa ba ya duba ƙasan takarda, kuma wannan sa hannu ya bi shi har kabari.

A 1966 Chas Chandler, makaɗi a ƙungiyar The Animals ta Ingila, ya gan shi yana wasa a wani ƙaramin kulob a New York, ya ɗauke shi zuwa Landan a watan Satumba. A can aka haɗa shi da Turawa biyu, Noel Redding mai jitar bes da Mitch Mitchell mai ganguna, aka kafa ƙungiyar Jimi Hendrix Experience.

Kiɗan da suka zo da shi na daga cikin tushen abin da daga baya aka kira kiɗan rock mai tsauri. Ana ƙure ƙarar lasifika har sautin jita ya dakushe ya koma gurnani. Abin da sauran makaɗa ke ɗauka a matsayin matsalar na'ura, irin kukan da lasifika ke yi idan an matso da jita kusa da ita, shi Hendrix ya mayar da shi murya da yake sarrafawa yadda ya so.

Faifansu na farko, Are You Experienced, ya fito a watan Mayun 1967, ya kai matsayi na biyu a Birtaniya, bayan na The Beatles. Wata guda bayan haka ya cinna wa jitarsa wuta a dandalin bikin Monterey, Amurkawa kuma suka farga da ɗansu.

Rigimar faifai na uku

Ga wanda ya tashi da sauraron Shata ko Ɗanƙwairo, waƙa a gaban jama'a take samuwa, na'ura kuwa shaida ce kawai ta abin da ya faru. Chandler ma kusan haka ya ɗauki lamarin: a shiga, a naɗa cikin sa'o'i kaɗan, a fita, domin kowace sa'a kuɗi ce.

Hendrix bai ga haka ba. A wurinsa ɗakin naɗar sauti shi kansa kayan kiɗa ne.

Da aikin ya koma ɗakin Record Plant na New York a watan Afrilun 1968, sai ya shiga ɗora sauti a kan sauti, yana juya tef ta baya, yana sa amon jita ya yi tafiya daga lasifikar hagu zuwa ta dama, tare da injiniyansa Eddie Kramer. Waƙa ɗaya, Gypsy Eyes, an maimaita ɗaukarta fiye da sau 40. Ga kuma abokai da 'yan rakiya da ke cika ɗakin har tsakar dare.

Chandler ya gaji, ya ajiye aikin. Redding ma ya riƙa ficewa cikin fushi, har ta kai Hendrix ya kaɗa bes ɗin da kansa a waƙoƙi da dama.

Faifan ya fito a matsayin tagwaye mai waƙoƙi 16, kuma a karon farko an rubuta sunan Hendrix a matsayin wanda ya tsara naɗar. A ciki akwai All Along the Watchtower ta Bob Dylan, wadda ta fi duk waƙoƙinsa samun kasuwa a Amurka.

Sai dai ikonsa bai kai ga bango ba. Ya nemi a sa hoton 'yan ƙungiyar zaune tare da yara a wani lambu na New York, amma kamfanin da ya buga faifan a Birtaniya ya sa hoton mata 19 tsirara. Hendrix ya nuna rashin jin daɗinsa, wasu shaguna kuma suka ƙi sayarwa.

Ƙungiyar ta watse a watan Yunin 1969. A watan Agusta ya rufe bikin Woodstock, inda ya kaɗa taken Amurka yana cusa masa amo irin na faɗuwar bama-bamai, a daidai lokacin da ake yaƙin Biyetnam.

Ɗakin kansa

Kuɗin hayar ɗakin naɗa ne ya sa shi da manajansa Michael Jeffery suka yanke shawarar mayar da wani kulob da suka saya a unguwar Greenwich Village ta New York ya zama nasu ɗakin. Suka sa masa suna Electric Lady.

Ginin ya gamu da ambaliyar ruwa da jinkiri, ya ci kusan dala miliyan ɗaya, har sai da aka ranto dala dubu 300 daga kamfanin Warner. Hakan na nufin dole Hendrix ya ci gaba da yawon wasa, gari bayan gari, domin biyan kuɗin wurin da ya gina don ya huta da yawon.

A gefe guda ga Chalpin da takardarsa. Faifan Band of Gypsys na 1970, wanda aka naɗa a gaban 'yan kallo, an yi shi ne domin sasanta ƙarar da ya shigar a Amurka.

Kimanin mako 10 Hendrix ya yi yana aiki a sabon ɗakin, yana shirya faifai na huɗu. An yi bikin buɗewa ranar 26 ga watan Agustan 1970, daga nan ya tashi zuwa Ingila domin wasa, bai kuma sake komowa ba.

Ya mutu a Landan ranar 18 ga watan Satumban 1970. Binciken likita ya nuna cewa amansa ne ya shaƙe shi bayan ya sha ƙwayoyin barci da suka wuce kima nesa ba kusa ba. Shan ƙwaya da giya dai sun daɗe suna cinsa, kuma babu tarihin da zai yi masa adalci idan ya ɓoye hakan.

Bai bar wasiyya ba. Tef-tef ɗinsa suka koma hannun wasu, har a 1975 aka fitar da wani faifai, Crash Landing, bayan an goge kiɗan abokan aikinsa an sa na waɗanda ba su taɓa wasa da shi ba. Sai a 1995 mahaifinsa, Al Hendrix, ya karɓo haƙƙin mallakar waƙoƙin bayan shari'a.

Ɗakin da ya gina kuwa wasu ne suka ci moriyarsa. Stevie Wonder ya naɗi fayafayi a ciki, a nan ne kuma aka tace sautin Back in Black na ƙungiyar AC/DC a 1980.

Amonsa ya iso har yankinmu ta hanyar Buzayen Nijar. Bombino na Agadas ya koyi wani ɓangare na salonsa ne daga kallon bidiyon Hendrix lokacin da yake gudun hijira bayan tawayen 1990.

Mdou Moctar na jihar Tawa, wanda 'yan jaridar Turai ke yawan kwatantawa da Hendrix, shi ma bahago ne, kuma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, kuma ta wayoyin salula waƙoƙin suka bazu a yankin Sahel.